'Yar Fako Ba Ta Son Gata

A duk asibitin nan babu wanda ya san sunansa na yanka sai takardun ofis. Baba Mai Lambu kowa ke ce masa, daga babban likita har mai gadin ƙofa, kuma tun bai isa a ce masa baba ba ake kiransa haka, don tun yana saurayi tafiyar tsofaffi yake yi, kai a sunkuye, ido a ƙasa, yana duba abin da ya tsiro. Shekara talatin da huɗu ke nan yana tura baro ɗaya. An canja masa taya ba adadi, an yi masa walda a hannu biyu, amma Baba ya ce shi baronsa bai tsufa ba.

Hannunsa na da albarka, wannan ba a musu. Reshen da wani ya karya ya yar, in Baba ya tsinta ya soka a leda, bayan wata guda sai ka ga ya yi toho. Sirrin kuwa ba wani ɓoyayye ba ne: taki, ruwa, inuwa. A kan haka tsohon da ya koya masa aikin ya ɗora shi, shi kuma ya riƙe gam. Yana da ramin taki a bayan ɗakin girkin asibiti wanda yake ji da shi fiye da yadda likitoci ke ji da motocinsu. Yakan cusa hannu ciki har gwiwa, ya ɗebo baƙar ƙasa, ya kai hanci ya shaƙa yana lumshe ido. Masu shara in sun ga haka sai su kau da kai su ci dariyarsu.

Aibinsa ɗaya, in har aibi ne: ba ya iya ganin abu mai rai ya ƙyale shi. Kyanwar da ke kwana a rumfar kayan aikinsa ta yi ƙibar da ɓera ke wucewa ta gabanta ba ta ko ɗaga kai. 'Ya'yansa huɗu da suna ƙanana, wanda duk ya yi gangancin yin tari sau ɗaya, ranar sai an naɗe shi da bargo biyu ko ana zafin fasa dutse.

Wuri ɗaya ne a faɗin asibitin da hannun Baba bai taɓa gyarawa ba. Can bayan ɗakin wanki, kusa da inda ake shanya zannuwan gado, akwai wani fako mai gangare, tsakuwa ce zalla, rana na dukansa tun fitowarta har faɗuwa. Ruwan sama ba ya zama a wurin, yana sauka yake gangarewa. Amma duk shekara, in damina ta yi kamar sati uku, sai wata 'yar shuka ta farka a tsakanin duwatsun. Tsawonta bai wuce idon sawu ba. Shimfiɗewa take yi a ƙasa kamar tabarma, ganyenta ƙanana ne masu toka-toka da ɗan gashi mai laushi, furenta kuma rawaya ne mai haske, kunnuwa biyar, bai fi farcen babban yatsa ba. Sai hantsi ya ɗaga take buɗewa, da la'asar ta rufe. In rani ya shiga sai ta bushe ƙurmus har ka rantse ta mutu, baɗi kuma ta fito a daidai inda ta kwanta.

Watansa biyu da kama aiki aka ba shi injin yankan ciyawa, aka ce ya je ya share bayan ɗakin wanki. Ya tayar da inji ya nufi fakon nan da ƙarfinsa, sai ya ji murya daga bayan zannuwa.

"Kai mai inji! Idonka ado ne?"

Wata budurwa ce mai aikin wanki da guga. Ta dire kwandon kaya, ta zo ta tsaya ƙiƙam a gaban injin.

"Ba ka ga bayin Allah suna fure ba, za ka bi ta kansu?"

Ya kashe inji. Ya dubi ƙasa, ya dube ta, ya rasa wanda ya fi cancanta a kalla. Da ya tambaye ta sunan shukar ta ce ita ina ta sani, ita dai 'Yar Fako take ce mata. Daga ranar in ya iso wurin sai ya ɗaga bakin injin ya tura shi a kan tayoyin baya har ya wuce. Daga ranar kuma ya gano cewa duk duniya babu wurin da abincin rana ya fi daɗi kamar kan tsakuwar nan mai zafi, kusa da igiyar shanya. Shekara ba ta zagayo ba suka yi aure.

Ita ce yanzu ake ce wa Inna Mai Guga. Ta yi shekara talatin da ɗaya tana goge kayan asibiti, mace mai faɗa da raha, wadda in ta yi dariya a tsakar gidanta sai gida na uku ya tambayi me aka samu. Shekara uku da suka wuce ta fara mayar da riga da tabo ba ta gani ba. Likitan ido ya duba ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar idon ce ke gajiya, maganin ɗigawa zai rage mata sauri amma ba zai tsayar da ita ba. Ta ajiye aiki. A hankali komai ya koma mata kamar ta cikin hayaƙi, har fuskokin 'ya'yanta sai da murya take rarrabe su. Abin da ya rage mata shi ne launi mai ƙarfi in rana ta haske shi. A daminar bara Baba ya goya ta a keke ya kai ta fakon, ta tsaya ta ce, "Ga su nan," ta nuna daidai. Da ya ba likita labari cikin murna, likitan ya ja shi gefe ya ce ya ci gaba da kai ta, don wannan ɗin ma da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

Tun da ciwon ya fara Baba ya yi mata abin da ya iya. Ya sayo kujera mai laushi ya ajiye a inuwar baranda. Ya ɗauke dutsen guga ya kulle a akwati, ya ɓoye wuƙaƙe da ashana, har tsintsiya sai da ya rataye inda hannunta ba ya kaiwa. Autarsu ce ke biyowa da safe ta yi girki kafin ta wuce shagon ɗinki. Ruwan sha ma a hannu yake sa mata. Kowa ya yaba, ana ta cewa samun miji irin wannan sai an tona. Babu wanda ya lura cewa gida na uku ya daɗe bai ji dariyar Inna ba.

Ana cikin haka, wata safiya a ƙarshen damina, Baba ya turo baro ya tarar an kakkafa turaku masu jan fenti a fakon, an ja igiya. Ya saki baron a tsakiyar hanya, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi ofishin injiniyan da ke kula da gine-gine.

"Yallaɓai, turakun nan na bayan ɗakin wanki fa?"

"Sabon ɗakin haihuwa za a yi, Baba. Ai kana ganin yadda mata ke cika baranda. Nan da sati shida katafila za ta zo ta baje wurin." Injiniya ya dube shi da kyau. "Lafiya dai? Ko ka binne wani abu a can ne?"

"A'a, Yallaɓai. Wata 'yar shuka ce."

Injiniya ya yi dariya, ba ta raini ba. "Haba Baba, kai da kake tayar da busasshen reshe? Kwashe ta ka kai inda ka ga dama, duk asibitin nan lambunka ne."

Baba bai yi jayayya ba, kuma bai kamata ya yi ba, shi da ya ga 'yarsa ta biyu tana naƙuda a kan benci don babu gado. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Duk filayen bayan gari da ya san 'Yar Fako na fitowa an gine su tuntuni, wannan ne na ƙarshe da ya sani. In ta tafi bana, to abin da ya rage wa matarsa ta gani ya tafi, ita kuwa idonta ba shi da damina da yawa da zai jira.

Ya zaɓo tukwanen dashe goma sha biyu mafi kyau. Ya tankaɗe baƙar ƙasa, ya haɗa da takin da ya shekara biyu yana ruɓa, wanda ko furannin ƙofar babban likita da awo yake ba su. Ya soka shebur zurfin taƙi ɗaya kamar yadda ake yi wa kowane dashe, ya ɗago shukar, ya dasa, ya shiga ba su ruwa safe da yamma. Yana yi yana musu magana. "Kun huta da wahala," in ji shi. "Shekara da shekaru kuna cin tsakuwa, yau kun shigo gidan daɗi."

Kwana shida ganyen ya yi laushi, gindin ya yi baƙi, duk goma sha biyun suka ruɓe.

Ya ce rana ce ta yi musu yawa. Ya sake haƙo wasu, ya jera su a inuwar mangwaro, ya rage taki, ya ƙara ruwa. Waɗannan suka ɗan daure, suka miƙe siriri fari-fari suna neman haske, sannan suka kife ɗaya bayan ɗaya. Sati huɗu suka tafi a haka. Rabin fakon ya zama ramuka, Baba ya rame, a gida kuma bai ce uffan ba.

Ran nan ya ɗauro tukunya ɗaya da ta rage da ɗan rai a bayan kekensa, ya kawo gida don ya sa mata ido. Ya lallaɓa zai ajiye ta a bayan duron ruwa. Inna na zaune a kujerarta, hannuwa a cinya.

"Me ka shigo da shi mai warin ruɓa?"

"Ba komai, wata shuka ce."

"Miƙo."

Ya miƙa. Ta soka yatsa a ƙasar ya fito jagab. Ta shafa ganyen, ta murza shi a hankali tsakanin yatsu.

"'Yar Fako ce wannan," ta ce. "'Yan ɗakin wanki sun ba ni labarin turaku yau sati uku. Jira nake in ga ranar da za ka ga na isa a gaya mini magana."

"Ban so hankalinki ya tashi ba ne, Mai Guga."

"Hankalina ya kwanta har ya gaji da kwanciya. Gobe ka kai ni."

"Wurin duk ramuka ne, ga tsakuwa, ga rana. In kika faɗi fa?"

"In na faɗi sai in tashi. Mai Inji, idona ne ya raunana, ƙafata lafiyarta lau."

In ta ce masa Mai Inji, ya san magana ta ƙare.

Washegari da hantsi suka isa. Ta sauka daga keken, ta ture hannun da ya miƙo, ta lalubi wuri ta zauna daɓas a kan tsakuwa. Ta shafa har ta sami wata da bai taɓa ba, ta ce ya ba ta ƙaramin cokalin dashe. Ba ta soka shi ƙasa kamar yadda shi yake yi ba. Duwatsun ta riƙa cirewa ɗai-ɗai, tana bin saiwar da yatsu. Taƙi ɗaya, saiwa ba ta ƙare ba. Taƙi biyu, tana nan. Sai da hannunta ya shige har kusan kafaɗa, ta kwanta da gefe a ƙasa, Baba na tsaye yana ta "a hankali, a hankali" kamar zai yi kuka.

"Zo ka taɓa," ta ce.

Ya durƙusa ya zura hannu. Saiwa ce mai kaurin yatsa, mai tauri kamar itace, ta lanƙwasa ta bi tsakanin duwatsu ta yi ƙasa. Ƙasar da ke kewaye da ita a bushe take ƙayau, alhali shekaranjiya aka yi ruwa.

"Ka ji inda ranta yake," in ji Inna. "Kai gashin kanta kawai kake yankowa kana dasawa. Sannan ka jiƙa shi kamar kayan wanki." Ta tashi zaune tana karkaɗe hannu. "Shekara nawa muna zama a nan, ashe mazaunaina sun fi ka sanin ƙasar nan. Ka taɓa ganin na tashi da laima a zane? Wa ya taɓa ba ta ruwa? Wa ya taɓa zuba mata taki? Duk abin da ka yi mata a duniya shi ne ka ɗaga bakin inji ka wuce, kuma da shi ta rayu. Ba ta son gata, Malam. A bar mata tsakuwarta da ranarta."

Baba na shirin magana ta riga shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ma haka. Shekara uku ke nan ka dasa ni a kujera kana ba ni ruwa safe da yamma. Na san so ne, wallahi na sani, kuma ban raina ba. Amma ruɓewa nake yi."

Maganar ta soke shi har ƙashi. Kunya ta kama shi, ga baƙin ciki, don duk tsawon shekarun nan uku yana ganin babu abin da ya iya kamar kula da ita. Ya ɗauki wata 'yar tsakuwa yana juyawa a hannu.

"Tsoro nake ji, Mai Guga."

"Ni ma ina ji. Ka bar ni in ji shi a tsaye."

Kwana goma sha biyu suka rage. Baba ya ajiye shebur ya ɗauko diga. Kowace ɗaya sai ya yi rabin yini yana haƙa kafin ya fito da saiwarta ba ta karye ba, Inna na gefe tana tara masa tsakuwar da ta fito daga ramin don a mayar da kowace cikin tata. Ya zaɓi gangaren da ke bayan tankin ruwa, jikin waya, inda magina suka zubar da ragowar tsakuwa shekaru da yawa, wurin da ya daɗe yana jin haushinsa don ba ya karɓar shuka. A kwana tara guda tara ya iya kaiwa, bayansa kuma ya riƙe. Ga shi katafila ta zo saura kwana biyu a kan alkawari.

Direbanta wani ƙaton mutum ne mai hular kwano da ta yi masa kaɗan. Ya leƙo ya ga tsoho a cikin rami, tsohuwa na zaɓar duwatsu, sai ya kashe inji ya sauko.

"Sannunku da aiki, Baba. Zinariya ake haƙa ne ba a gayyace mu ba?"

Baba ya yi masa bayani a taƙaice, yana jiran dariya. Direba ya tsuguna ya leƙa ramin, ya auna zurfinsa da hannu.

"Iyakar zurfin ke nan? Ai cokalin motata ya wuce haka. Me zai hana in kwaso ƙasar gaba ɗaya, da ita da duwatsunta, in dire muku ita a zaune yadda take?"

Aka kira injiniya, ya ce shi dama neman inda zai zubar da ƙasar yake yi. Haka aka yi sawu bakwai. Katafila na rarrafe da cokalinta cike, Baba na gabanta yana tafiya da baya, hannu biyu a sama, yana ihun "A hankali, ɗana! Kada ka kifar!" Ma'aikatan jinya suka fito baranda kallo, 'yan ɗakin wanki na tafi. Da aka dire na ƙarshe direba ya cire hula ya share gumi.

"Shekara ashirin ina tuƙa motar nan, Inna, kullum sai a kankare ƙasa a zubar. Yau ne aka fara ce mini in ɗauko ƙasa kamar ƙwai."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Inna. "Ka dawo da damina ka ga aikinka."

Daga nan Baba ya shiga aiki mafi wuya da ya taɓa yi a rayuwarsa, wato ya zura ido kada ya yi komai. Rani ya shiga, ganyen ya bushe ya kakkarye, gangaren ya koma tulin tsakuwa kawai. Abin takaici kuma, famfon da yake jona tiyo a jikin tankin yake, taku biyar daga wurin. Sau biyu a rana yake wucewa da tiyo na zuba a hannunsa, sai ya kau da kai kamar wanda ya hango surukarsa. Inna ta sa ya yi mata alkawari ba zai ɗiga ko ɗigo ba, kuma duk sati takan zo ta bi wurin da hannu.

Ya daure wata uku. Da zafi ya kai maƙura, wata safiya ya waiga hagu ya waiga dama, ya kwarara bokiti uku a kusurwa ɗaya, wai ko ita kaɗai ta tsira. Kwana biyu bayan haka Inna ta zo zagaye, ta tsaya a daidai kusurwar.

"Ikon Allah. Nan kaɗai aka yi ruwa?"

"Ina jin tankin ne ke yoyo."

Ta shafa ƙasa ta gano zagayen da gindin bokiti ya bari. "Ashe tankin naku har bokiti gare shi."

Bai sake ba.

A gida ma haka aka yi ta fama. Tsintsiya ya fara saukowa da ita, bayan sati ya fito da wuƙaƙe. Dutsen guga ne ya fi ba shi wuya, sai da ya yi wata yana buɗe akwatin yana rufewa. Ranar da Auta ta shigo ta tarar da uwarta tsaye gaban tebur tana guga, ta yi salati ta nufi ubanta.

"Baba, kai da kanka ka ba Inna guga? In ta ƙone fa?"

"In ta ƙone sai ta sa ruwa," ya ce, hannuwansa biyu a cikin aljihu.

Ta kuwa ƙone, a sati na biyu, a wuyan hannu. Ya jiyo 'yar ƙararta ya taso a guje, ya iso bakin ƙofa, ya tsaya. Yana kallo ta lalubi famfo ta tara hannun, ta zagi dutsen gugar da iyayensa, ta koma ta ƙarasa rigar. Shi kuma ya zagaya bayan gida ya ba tumatirinsa ruwa karo na uku a ranar, don dole hannunsa ya sami abin da zai yi wa gata.

Idon bai daina raguwa ba, ba za a yi ƙarya ba. Amma gugar da take yi da lalube ta fi ta masu ido biyu kaifi, har maƙwabta suka fara aiko da kayansu. Ta koyi zuwa bakin titi da sanda ita kaɗai. Wata rana maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Inna, a rage mana dariya, jariri na barci," kuma tana faɗa tana murmushi.

Damina ta sauka. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Sati uku suka cika, gangaren bayan tanki shiru. Ginin ɗakin haihuwa ya kai tagogi, fakon da suka sani ya shige ƙarƙashin siminti. A sati na huɗu Baba ya daina cin abincin kirki. Kullum da safe sai ya durƙusa ya bi tsakuwar da ido, ya tashi yana gaya wa kansa cewa shi ya kashe rabi da taki, rabin kuma ya bari ƙishi ya kashe.

Wata safiya bayan an kwana ana yayyafi, ya ga wani abu toka-toka a gindin wani dutse, bai fi ƙwayar gero ba. Ya kwanta rub da ciki ya duba. Ganye ne, da ɗan gashinsa. Ga wani can, ga wani. Ya miƙe ya kai ga kekensa, har ya ɗora ƙafa zai tafi gida da albishir, sai ya tsaya. In ya gaya mata, ya sake sa mata ruwa a hannu ke nan. Ya jingine keken ya koma bakin aiki.

Kwana tara ya riƙe maganar a ciki, shi da ko kyanwa ta haihu sai ya tayar da gida. Rana ta goma yana shan shayi ya ce, kamar ba komai, "Yau za ki raka ni?"

Suka isa hantsi ya ɗaga sosai. A ƙarshen hanyar siminti ya tsayar da keke, ya miƙa mata sandarta, ya mayar da hannuwansa baya ya damƙe ɗaya da ɗaya. Ta fara hawa gangaren. Tsakuwa ta zame mata sau ɗaya, ta yi tangaɗi, Baba ya ciji leɓe bai motsa ba. Ta daidaita, ta ƙara taku huɗu, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, tana karkata kai gefe yadda take yi in tana neman abu da ragowar ganinta.

"Malam."

"Na'am."

"Ko idona ne ke mini wasa?"

"Me kika gani?"

"Rawaya." Ta ɗaga sanda ta nuna. "Ga ta nan. Ga wata can. Kai, har gindin waya!" Ta bi gangaren da bakin sandar a hankali, daidai, ba ta kuskure ba, har ta kai kusurwa ɗaya da babu komai sai tsakuwa. "Nan ne kawai babu. Inda tanki ya zo da bokiti."

Baba ya fashe da dariya, dariyar ta koma hawaye. Ya hau ya same ta ta riga ta zauna a kan duwatsu, tafin hannunta a shimfiɗe a kan furannin, fuskarta dab da su. Ya durƙusa kusa da ita. Murna ce ta cika shi, irin wadda bai ji ba tun ranar da ya kashe inji a gaban wata mai wanki, kuma bai yi ƙoƙarin ɓoye hawayen ba.

Ta ji yana jan hanci. Ta lalubo hannunsa ta riƙe gam, ba ta ɗauke ido daga furen ba.

"Matsa baya kaɗan, Mai Inji," ta ce. "Kada ka ɗiga mata. Ka san ba ta son ban ruwa."